Tambaya da Amsa: Earl Warren, Daga Barikin Soja Zuwa Gidan Gwamna da Kotun Ƙolin Amurka

A fitowarmu ta baya mun ambaci sunan Earl Warren a taƙaice, inda muka ce ya shugabanci Kotun Ƙolin Amurka kusan shekara 16 alhali bai taɓa zama a kujerar alƙali ba kafin ranar da aka rantsar da shi. Wannan magana ta jawo wasiƙu da dama, wasu na neman ƙarin bayani, wasu kuma na ƙalubalantarmu, shi ya sa muka ware filin wannan karon gaba ɗaya domin amsa waɗanda suka fi shafar ainihin batun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun shari'a, kuma a sanina alƙali daga ƙaramar kotu yake farawa, ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa. Ta yaya za a ɗauko gwamnan jiha, ɗan siyasa tsantsa, a ɗora shi a kan alƙalan da suka fi shi sanin doka? Kuma shin ya iya aikin?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kundin tsarin mulkin Amurka bai gindaya wa alƙalin Kotun Ƙoli sharaɗin shekaru ko na takardar shaida ko na gogewa a kotu ba. Abin da ya tanada kawai shi ne shugaban ƙasa ya gabatar da suna, Majalisar Dattawa ta amince. A wancan zamanin ma naɗa 'yan siyasa ba baƙon abu ba ne, domin cikin alƙalai takwas da Warren ya tarar a kotun, uku tsofaffin sanatoci ne, wato Hugo Black da Harold Burton da Sherman Minton, biyu kuma, Robert Jackson da Tom Clark, sun taɓa riƙe muƙamin antoni-janar na tarayya.

Shi kansa Warren lauya ne, ko da yake ba a taɓa lissafa shi cikin manyan masana ba. An haife shi a Los Angeles ranar 19 ga Maris, 1891, mahaifinsa baƙo ne daga Norwe da ke aikin gyaran taragun jirgin ƙasa, kuma ya tashi a garin Bakersfield. Ya kammala karatun lauya a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 1914, ya zama babban mai gabatar da ƙara na gundumar Alameda daga 1925 zuwa 1939, ya yi antoni-janar na jihar daga 1939 zuwa 1943, sannan ya yi gwamna daga 1943 zuwa 1953. A 1948 shi ne mataimakin Thomas Dewey a takarar shugabancin ƙasa da suka sha kaye a hannun Harry Truman, a 1952 kuma ya nemi tikitin jam'iyyar Republican amma Dwight Eisenhower ya samu. Bayan zaɓe Eisenhower ya yi masa alkawarin gurbi na farko da zai samu a Kotun Ƙoli, ba tare da tunanin cewa kujerar shugaban kotun ce za ta fara zama fanko ba. Da Alƙalin Alƙalai Fred Vinson ya rasu kwatsam a ranar 8 ga Satumba, 1953, sai Warren ya tsaya kai da fata cewa gurbi na farko gurbi na farko ne. An rantsar da shi ranar 5 ga Oktoba na wannan shekarar, Majalisar Dattawa ta tabbatar da shi a Maris na 1954.

Game da ko ya iya aikin, shari'ar farko mai nauyi da ta zo gabansa ta isa amsa. Ya tarar da ƙarar da aka sani da shari'ar Brown da Hukumar Ilimi ta Topeka, wadda ke ƙalubalantar dokokin da suka raba makarantun gwamnati gida biyu, na fararen fata daban, na baƙaƙen fata daban. Jihohi 17 ne ke tilasta wannan rabuwa a lokacin, suna fakewa da hukuncin shari'ar Plessy da Ferguson na 1896, wanda ya halatta wariya muddin dai an ce abin da aka ba kowane ɓangare daidai yake. An saurari ƙarar a Disamba na 1952, lauya Thurgood Marshall na jagorantar masu ƙara, amma kan alƙalan ya rabu har aka ɗage domin a sake sauraro. A nan ne sana'ar siyasa ta yi rana. Da alƙalan suka zauna tattaunawa a Disamba na 1953, Warren ya bayyana ra'ayinsa ƙarara cewa ba abin da ke riƙe da wariya sai imanin cewa wani jinsi ya fi wani, amma ya hana a kaɗa ƙuri'a a ranar, domin ya san da zarar mutum ya furta matsayinsa a gaban abokan aiki, janyewa kan yi masa wuya. Sai ya shafe watanni yana bin su ɗaya bayan ɗaya, a ofisoshinsu da wajen cin abincin rana, har ya shawo kan Stanley Reed ɗan jihar Kentucky, wanda shi ne na ƙarshe da ya rage yana niyyar rubuta ra'ayin saɓani.

Ranar 17 ga Mayu, 1954, Warren ya karanta hukuncin da bakinsa, alƙalai tara duka a kan magana ɗaya, har Jackson da ke jinyar bugun zuciya ya baro asibiti ya zo ya zauna domin kowa ya ga ba wanda ya ware. Da gangan ya rubuta hukuncin gajere kuma cikin harshe mai sauƙi, yadda jaridu za su iya buga shi sukutum, kuma ya kauce wa duk kalmar da za ta zama zargi ga mutanen jihohin Kudu, inda wariyar ta fi ƙarfi. A ganina wannan aiki ne da farfesan shari'a irin su Felix Frankfurter, ɗaya daga cikin alƙalan kotun, wanda ya fi Warren ilimi nesa ba kusa ba, ba zai iya yi ba. Sai dai haɗin kan yana da farashinsa. A hukunci na biyu na 1955 kotun ba ta sa wa jihohi wa'adi ba, ta bar aiwatarwa a hannun ƙananan kotuna da wata magana mai harshen damo game da saurin da ya kamata a yi, jihohin Kudu kuwa suka ɗauki hakan a matsayin izinin jan ƙafa. 'Yan majalisar tarayya 101 daga Kudu suka sa hannu a takardar bijirewa a 1956, a 1957 sai da Eisenhower ya tura sojoji garin Little Rock kafin ɗalibai baƙaƙen fata tara su shiga aji, kuma shekara goma bayan hukuncin, yaran baƙaƙen fata da ke zama aji ɗaya da fararen fata a jihohin Kudu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni tsohon soja ne mai ritaya. An ce wannan mutumin ya sa kaki. Wane yaƙi ya yi, wane muƙami ya kai, kuma ko aikin soja ya yi tasiri a alƙalancinsa?

AMSA: Yallaɓai, Allah ya ƙara lafiya. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a Afrilu na 1917, shi kuma Warren ya shiga rundunar sojan ƙasa a watan Agusta a matsayin kurtu, yana da shekara 26 da shaidar lauya a hannunsa. An tura shi runduna ta 91 a barikin Lewis da ke jihar Washington, ya zama saje, ya yi kwas ɗin hafsoshi ya fito da muƙamin laftana a 1918, aka mayar da shi barikin Lee a jihar Virginia yana horar da sababbin kurata. Ana nan aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, 1918, aka sallame shi a watan Disamba, bai taɓa ƙetare teku ba balle ya ga fagen daga. Ya ci gaba da zama cikin sojojin ko-ta-kwana har ya kai kyaftin. Saboda haka bai kamata a jera shi da irin su Oliver Wendell Holmes ba, alƙalin da aka raunata sau uku a Yaƙin Basasar Amurka.

Amfanin kakin ya fi bayyana a siyasa, domin zama ɗan ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion ya ba shi abokai da masu yi masa yaƙin neman zaɓe a kowane lungu na Kaliforniya. Akwai kuma rana ɗaya da aka yi amfani da kakin aka karya masa taurin kai. Bayan an harbe Shugaba John Kennedy ranar 22 ga Nuwamba, 1963, magajinsa Shugaba Lyndon Johnson ya nemi Warren ya jagoranci kwamitin bincike, shi kuwa ya ƙi, bisa hujjar cewa bai dace alƙali mai ci ya ɗauki aikin ɓangaren zartarwa ba, musamman a lamarin da ka iya dawowa gaban kotu. Johnson ya kira shi fadar White House, ya nuna masa cewa jita-jitar hannun Tarayyar Sobiyet ko Kyuba na iya jefa ƙasar cikin yaƙin nukiliya, sannan ya tuna masa cewa ya taɓa sa kaki domin ƙasarsa, yanzu kuma babban kwamanda ne ke kiransa. Warren ya amsa. Rahoton da suka miƙa a Satumba na 1964 ya ce Lee Harvey Oswald shi kaɗai ya yi kisan, kuma har yau ana taƙaddama a kansa, musamman da ta bayyana daga baya cewa hukumomin leƙen asiri sun ɓoye wa kwamitin wasu bayanai. Ni dai ina ganin hujjarsa ta farko ita ce daidai, kuma da ya tsaya a kanta da ya fi.

TAMBAYA: Malam, na karanta cewa ya taɓa cin zaɓen fid da gwani na manyan jam'iyyu biyu a lokaci guda. Wannan gaskiya ne, ko dai ƙarin gishiri ne irin na marubuta?

AMSA: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Daga 1913 zuwa 1959 dokar Kaliforniya ta ba ɗan takara damar shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyya fiye da ɗaya, dabara ce da masu neman gyara suka ɓullo da ita domin karya lagon iyayen gidan jam'iyyu da na kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific, wanda ya daɗe yana juya siyasar jihar yadda ya ga dama. Warren ɗan Republican ne, amma a 1938 ya lashe tikitin antoni-janar na jam'iyyarsa da na Democrat da na Progressive, a 1946 kuma ya maimaita a takarar gwamna, ya kwashe tikitin manyan jam'iyyun biyu, ya samu sama da kashi 90 cikin 100 na ƙuri'un babban zaɓe. Ya kayar da gwamna mai ci Culbert Olson a 1942, ya kayar da James Roosevelt, ɗan tsohon shugaban ƙasa, a 1950, kuma shi kaɗai ne aka taɓa zaɓa gwamnan jihar sau uku a jere.

Dole a lura cewa a Kaliforniya, kamar yadda yake a jihohi 43 na Amurka, jama'a ne ke zaɓen antoni-janar kai tsaye, ba gwamna ke naɗa shi ba, don haka kujerar kan zama tsanin hawa ga mai buri. Warren ya san yadda ake amfani da ita. A 1939 akwai jiragen ruwan caca da ke tsayawa a gaɓar Santa Monica, tazarar fiye da mil uku daga tudu, suna iƙirarin cewa sun fita daga hurumin jiha, ƙananan jirage na jigilar 'yan caca dare da rana. Warren ya ce ba daga bakin yashi za a fara awo ba, daga layin da ya haɗa bakunan mashigin biyu za a fara, wanda hakan ya mayar da jiragen cikin ruwan Kaliforniya. Jami'ansa suka hau jiragen da gatura suna farfasa teburan caca suna watsa injina a teku a gaban masu ɗaukar hoto, mamallakin wani jirgi mai suna Rex ya yi kwanaki yana korarsu da mesar kashe gobara kafin ya miƙa wuya, kotun ƙolin jihar kuma ta goyi bayan awon Warren.

A kujerar gwamna ya riski jihar da yawan jama'arta ya tashi daga kusan miliyan 7 a 1940 zuwa sama da miliyan 10 da rabi a 1950. Ya tara rarar kuɗin lokacin yaƙi ya zuba a makarantu da asibitoci da gyaran gidajen yari, ya ƙara harajin man fetur a 1947 domin gina manyan hanyoyi, a wannan shekarar kuma ya sa hannu a dokar da ta soke wariya a makarantun jihar. Shirinsa na inshorar lafiya ga ma'aikata, wanda ya gabatar a 1945, ƙungiyar likitocin jihar ce ta yi masa taron dangi har ya mutu a majalisa.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan babi shi ne batun mazaɓu. Majalisar dattawan Kaliforniya na da kujeru 40, kuma a wancan lokacin doka ta hana kowace gunduma samun fiye da ɗaya, har ta kai gundumar Los Angeles mai mutum sama da miliyan 6 tana da sanata ɗaya, daidai da wata mazaɓar karkara mai mutum kusan dubu 14. A 1948 Gwamna Warren ya kare wannan tsari, domin 'yan karkara na cikin masu mara masa baya. A 1964 Alƙalin Alƙalai Warren ya rubuta hukuncin shari'ar Reynolds da Sims, inda ya ce 'yan majalisa mutane suke wakilta, ba bishiyoyi ko faɗin gona ba, ya wajabta wa kowace majalisar jiha ta raba kujeru bisa yawan jama'a, ya rushe tsarin da ya ci moriyarsa. Shi da kansa ya ce shari'o'in mazaɓu, tun daga ta Baker da Carr ta 1962, su ne mafi muhimmanci a zamaninsa, har sama da ta Brown.

TAMBAYA: Malam, da girmamawa, kun cika yabon mutumin nan. Ba shi ne ya sa aka kwashe Japanawan Amurka aka tsare a sansanoni ba?

AMSA: Ƙorafinki yana kan hanya, Hajiya, kuma ba za mu yi masa kwaskwarima ba. Umarnin dai Shugaba Franklin Roosevelt ne ya sa masa hannu ranar 19 ga Fabrairu, 1942, wata biyu da 'yan kwanaki bayan harin Japan a kan Pearl Harbor, sojoji kuma suka aiwatar, amma Warren, a matsayinsa na antoni-janar na jihar da mafi yawan mutanen ke zaune, yana sahun gaba na masu ingiza gwamnati. Ya sa an zana taswirori da ke nuna gonakin Japanawa kusa da filayen jiragen sama da layukan wuta da madatsun ruwa, alhali da yawansu sun zauna a wuraren tun kafin a yi waɗannan gine-gine. Da ya bayyana gaban kwamitin majalisar tarayya a wannan watan, ya kawo hujjar da ba ta da mafita, wai rashin samun ko da aikin zagon ƙasa ɗaya shi ne babbar alamar cewa ana shirya wani gagarumi. Kimanin mutum dubu 120 aka raba da gidajensu da gonakinsu da shagunansu, kusan kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne haifaffun Amurka, ba tuhuma, ba shari'a. Bayan ya zama gwamna ma ya yi adawa da sakinsu a 1943, ko da yake da gwamnatin tarayya ta ba su izinin komawa a farkon 1945 ya yi kira ga jama'a da su mutunta haƙƙinsu.

Nadamarsa ta fito ne a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1977, shekara uku bayan rasuwarsa, inda ya amsa cewa abin da aka yi ya saɓa wa 'yancin ɗan ƙasa, kuma tunanin yaran da aka raba da gidajensu na damun zuciyarsa. Masu kare shi kan ce wannan tabo ne ya mayar da shi mai kishin haƙƙin marasa ƙarfi a kotu. Ko da hakan ne, ya rayu shekara 32 bayan aukuwar lamarin, an roƙe shi ya nemi afuwa a bainar jama'a yana raye, bai yi ba. Gwamnatin Amurka ta nemi gafara a hukumance a 1988, ta biya duk wanda ya rage da rai dala dubu 20.

TAMBAYA: Ni jami'in ɗan sanda ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda wanda ya shafe shekaru yana gurfanar da masu laifi ya koma yana ɗaure hannun 'yan sanda.

AMSA: Ofisa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Warren ya yi kusan shekara 19 a ofishin gabatar da ƙara na Alameda, tun yana mataimaki a 1920, ya ɗaure 'yan fasa-ƙwaurin giya da 'yan kwangilar da ke cin kuɗin titi, har da shugaban jami'an tsaron gundumar kansa a 1930 bisa laifin cin hanci. Kuma ba baƙo ba ne ga zafin rashi, domin a 1938 an kashe mahaifinsa a gidansa na Bakersfield, ba a kuma taɓa gano wanda ya yi ba. Ya san abin da ke faruwa a ɗakin tambayoyi idan aka rufe ƙofa, shi ya sa a hukuncin shari'ar Miranda da Jihar Arizona na 1966 ya yi ta ɗauko misalai daga littattafan horar da 'yan sanda, waɗanda ke koyar da a kaɗaita wanda ake zargi, a nuna masa kamar an riga an tabbatar da laifinsa, jami'i ɗaya ya tsananta, ɗaya ya lallasa.

An kama Ernesto Miranda a birnin Phoenix a 1963, ya amsa laifi bayan tambayoyin awa biyu ba tare da an faɗa masa yana da damar ganin lauya ba. Da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, kotu ta ce kafin a yi wa wanda ke tsare tambaya wajibi ne a sanar da shi cewa yana da ikon yin shiru, cewa duk abin da ya faɗa za a iya kafa masa hujja da shi, cewa yana da ikon samun lauya, kuma idan ba shi da hali hukuma za ta ba shi. Hukuncin bai wanke Miranda ba, domin an sake yi masa shari'a a 1967 ba tare da furucin nasa ba, aka kuma same shi da laifi. Kafin nan kotun ta hana jihohi amfani da shaidar da aka samo ta haramtaccen bincike a 1961, ta kuma wajabta ba talaka lauya a manyan laifuka a 1963. Richard Nixon ya yi yaƙin neman zaɓen 1968 yana zargin kotun da raunana masu tsaron doka, amma a 2000 Kotun Ƙoli ƙarƙashin William Rehnquist, wanda ya daɗe yana sukar hukuncin, ta ƙi soke shi, tana mai cewa gargaɗin ya riga ya zama jinin jikin aikin ɗan sanda a ƙasar.

TAMBAYA: Yaya ya bar aiki, kuma ko irin wannan tafiya tana yiwuwa a Amurka ta yau?

AMSA: Alƙalan tarayya a Amurka ba su da shekarun ritaya na dole. Warren ya miƙa takardar ajiye aiki a Yuni na 1968 domin Johnson ya naɗa magajinsa kafin zaɓe, amma Majalisar Dattawa ta toshe wanda aka gabatar, Abe Fortas, sai ga Warren a Janairu na 1969 shi ne ya rantsar da Nixon a matsayin shugaban ƙasa, tsohon abokin hamayyarsa tun siyasar Kaliforniya, Nixon ɗin kuma ya zaɓi Warren Burger ya gaji kujerar shugaban kotun. Ya sauka ranar 23 ga Yuni, 1969, ya rasu ranar 9 ga Yuli, 1974, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

A doka ƙofar tana buɗe har gobe, amma a aikace ta kusa rufewa. Tun bayan Warren ba a sake naɗa tsohon gwamna a Kotun Ƙoli ba, kuma ta ƙarshe da ta taɓa zama a majalisar dokoki ita ce Sandra Day O'Connor, tsohuwar shugabar masu rinjaye a majalisar dattawan Arizona, wadda ta yi ritaya a 2006. Shugabannin yanzu sun fi son alƙalan kotunan ɗaukaka ƙara, waɗanda rubutattun hukunce-hukuncensu ke nuna inda suka dosa tun kafin a naɗa su.